Filin Tambaya da Amsa: Shin birki yana shan mai?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan shan mai suke, kuma ban yi mamaki ba, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce dubu, kowa ya koma yana zargin komai na jikin motarsa, daga fulogi har iskar taya. Na ware waɗanda suka shafi birki don akwai abubuwan da nake ji a bakin direbobi a garin nan na Jos da suke tayar min da hankali.

Tambaya: Salam Malam barka da aiki. Corolla ce da ni 'yar 2008, ina zaune a Rikkos ina aiki a Bukuru kullum sai na je na dawo. Kwanaki na kai ta gareji canjin fad, da aka ɗaga ta a jak bakaniken ya juya tayar gaba sai na ji wani sauti shuu shuu kamar abu na gogar abu, na ce masa wannan fa, ya ce ai duk haka suke. To ni dai hankalina bai kwanta ba, in dai birki na gogar taya ko ban taka ba ai kenan yana riƙe motar, kenan mai nake ƙonawa a banza ko? Don Allah a warware min, wallahi kuɗin mai ya kusa cinye albashin.
Daga wani mai karatu a Rikkos.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bakanikenka bai yi maka ƙarya ba, amma kai ma tunanin da ka yi yana kan hanya, bari mu bi abin a hankali.

Birkin gaban motarka mai diski ne, wato faifan ƙarfe ne yake juyawa tare da taya, fad biyu suna gefe da gefensa, sai kalifa da ta rungume su. In ka taka, man birki ya tura fistin, fistin ya matse fad a jikin diski. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne in ka ɗaga ƙafa, a yawancin motoci babu wani sifirin mai ƙarfi da zai fizgo fad ɗin baya. Wata 'yar roba ce da ta zagaye fistin, tana ɗan lanƙwasawa lokacin da ya fita, da ka saki sai ta koma yadda take ta jawo shi baya kaɗan, kaɗan ɗin nan bai kai rabin milimita ba. Kuma da gangan aka yi haka, don da fad zai yi nisa da diski da duk sanda ka taka sai ƙafarka ta yi tafiya kafin birki ya kama, wanda kuwa yaro ya taɓa faɗo masa titi a wajen Dilimi ya san darajar birkin da yake kamawa nan take. To wannan kusancin shi ne shuu shuu ɗin da ka ji, fad ne yake shafar diski sama-sama.

Yana riƙe motar? E, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai. Masu ƙera motoci sun san da shi, har wasu sababbin motocin ana sa musu 'yan siraran wayoyi da suke ɗan buɗa fad ɗin don rage gogar. Amma in ka haɗa shi da iskar da motar take ketawa, da nauyinta, da gogar taya da kwalta, da hawa-hawan garin Jos, da AC in kana kunnawa, ba abin da za ka gani a gidan mai ba ne. Birkin baya kuma na yawancin irin motarka mai duram ne, shi yana da sifirin na gaske da yake janye shu ɗin baya, wato abin da yake matse duram ɗin ta ciki, in an saita shi daidai kusan ba ya goga ma.

Inda matsala take shi ne in birki ya riƙe, wannan kam yana shan mai sosai kuma ya fi yawa a motocinmu fiye da yadda ake zato, don yawancinsu tokumbo ne da suka sha gishirin titunan ƙasashen sanyi kafin su zo, suka zo nan kuma ga ruwan daminar Jos ga jar ƙura da rani. Kalifa tana zamewa ne a kan wasu fil guda biyu masu giris a ciki da 'yar roba da ta rufe bakinsu, robar nan in ta yage ruwa ya shiga, giris ya bushe, tsatsa ta kama, shi kenan kalifa ta daina komawa, fad ɗaya ya zauna manne da diski kana tafiya kana jan sa. Haka shi ma fistin yana iya yin tsatsa ya ƙi komawa. Akwai kuma wanda ya fi ruɗa mutane, tiyon robar da yake kai man birki zuwa taya, in ya tsufa yakan lalace ta ciki ta yadda mai zai wuce in ka taka amma ya ƙi dawowa in ka saki, daga waje kuwa za ka gan shi lafiya ƙalau. Na sha ganin an canza kalifa sukutum an kashe kuɗi, bayan kwana biyu birki ya sake riƙewa, ashe tiyo ne.

Ga yadda za ka gane da kanka ba sai ka biya kowa ba. Da safe kafin titi ya cika ka yi tafiyar kamar minti goma ba ka yawan taka birki, ka samu wuri ka tsaya a hankali, ka fito ka zagaya ka kara bayan hannunka kusa da kowane wili. Kusa na ce, kar ka taɓa diskin, yana iya saɓule maka fata. In na gaban biyu ɗuminsu ɗaya, na baya ma ɗaya, to lafiya. In ka ji ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi nesa ba kusa ba, ko kana jin ƙauri ta wajen, ko ka lura wilin nan ya fi sauran baƙar ƙura, ko motar tana ja gefe ɗaya in ka sassauta riƙon sitiyari a miƙaƙƙen titi, to akwai magana. Sannan a gareji in aka ɗaga ta, taya mai lafiya hannu ɗaya ke juya ta ba wahala ko da tana shuu shuu ɗin, wadda ta riƙe kuwa sai ka sa ƙarfi kuma kana saki ta tsaya cak. Ka kuma ce a nuna maka tsofaffin fad ɗin da aka cire, in na ciki ya cinye har ƙarfe na waje yana nan da kaurinsa, fil ɗin nan ne suka ƙame. In taya ta riƙe, ka ce bakanike ya ɗan kwance 'yar kusar da ake fitar da iska ta jikin kalifa, in mai ya yi tsartuwa taya ta sake nan take to laifin na tiyo ne ko masta, wato famfon da yake tura man birki in ka taka feda, in ba ta sake ba laifin na kalifar ce. Zafi a wili kuma ba kullum birki ba ne, boris da ya mutu ma yana yi, amma shi yawanci da kukansa yake zuwa.

Abu ɗaya da nake roƙo, in za a sa giris a fil ɗin nan kar a lakato baƙin giris na gama-gari a cusa, yana kumbura roba, bayan 'yan watanni ka koma gidan jiya. Akwai giris na birki musamman, masu kayan gyara suna da shi, ka saya da kanka ka kai.

In ka yi duk wannan ka ga birkinka lafiya, to ka auna shan man da kyau kafin ka zargi wani abu. Ka cika tanki har famfo ya tsaya, ka rubuta kilomita, ka yi zirga-zirgarka ta mako, ka koma ka sake cikawa ka raba kilomitar da litar da ta shiga. Misali ka yi kilomita 300 ta sha lita 30, kenan 10 a lita. Allurar geji ba ta isa shaida ba. Daga nan sai a duba iskar taya wajen mai faci, da alayimen, da fulogi da matatar iska.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni sabuwar koyo ce, motata otomatik ce. Ranar Asabar na taso daga Terminus har gida wajen Farin Gada ashe ban gama sauke birkin hannu ba, sai da na iso na ji ƙauri. Na lalata wani abu ne? Sannan maigidana yana min faɗa wai ina ɗora ƙafar hagu a kan birki ina tuƙi, ni kuma na fi samun natsuwa haka, ai ba takawa nake ba ɗorawa kawai nake.
Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Lafiya lau Hajiya, Allah ya tsare gaba. Sau ɗaya a tafiyar cikin gari irin wannan yawanci ba ya kashe birki, ƙaurin da kika ji shu ɗin baya ne ya yi zafi. Amma ki kai a buɗe a duba, don zafi yakan sa fuskar shu ta yi santsi kamar gilashi ta rage kamu, kuma a tabbatar wayar birkin hannun tana komawa har ƙarshe in kin sauke, ita ma tana tsatsa ta maƙale ta bar birkin baya a ɗan riƙe ba ki sani ba. Jar fitilar nan ta kan dashbod ita ce mai gaya miki, ki saba da kallonta kafin ki tashi.

Maganar ƙafa kuma gaskiya maigida ya fi ki gaskiya, ki yi haƙuri. Ƙafa tana da nauyinta, abin da kike kira ɗorawa ya isa ya tura man birki ya matse fad kaɗan, kin ga ƙafar dama tana ba da wuta ta hagu tana hanawa, injin yana ta fama da birkinsa, mai yana tafiya, fad yana cinyewa, diski yana zafi. Wani abin kuma fitilar birkinki ta baya za ta zauna a kunne, mai Keke ko direban da yake binki ba zai san lokacin da kika taka da gaske ba, haka ake bugun mutane ta baya. Akwai wuri a gefen hagu da aka yi don ajiye ƙafa, ki ajiye ta can ki bar dama ta yi aikin biyu. Ki samu fili ranar da ba kowa ki gwada na 'yan kwanaki, za ki saba.

Tambaya: Oga ni direban haya ne, Sharon nake ja Jos zuwa Abuja ta Akwanga shekara da shekaru. Mu dai a tasha abin da muka sani shi ne in za ka gangara Hawan Kibo ka sa ta a firi ka huta da mai, wasu ma kashe injin suke gaba ɗaya. Birki ai ba ya shan mai, to me ye laifin in bar mota ta gangara da kanta ina dannawa kaɗan-kaɗan?
Daga wani direba.

Amsa: Direba sannu da ƙoƙari, na san halin da ake ciki, ga balas ga kuɗin tasha ga mai, ba wanda zai ga laifin mutum don ya nemi sauƙi. Amma wannan dabarar ina roƙonka don girman Allah ka bar ta, kuma zan gaya maka dalili ba wa'azi kawai ba.

Na farko ma ba ta rage man da kake zato. Motoci masu injekta, wato kusan duk abin da yake kan hanya yanzu, in kana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur motar tana gangara, kwamfutar motar tana yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne suke juya injin. Da ka sa firi kuwa dole injin ya ci gaba da shan mai don kar ya mutu. Kenan a gangara wanda yake cikin giya ya fi wanda yake firi tsimin mai. Ko a tsohuwar mota mai kafireta ma, injin da yake sulo abin da yake sha a awa guda bai wuce wajen lita ɗaya ba, kai kuma gangarar nan ta 'yan mintoci ce, ka lissafa ka gani nawa ka tsira da shi.

Na biyu shi ne abin tsoron. Jos tana kan tudu ne na wajen mita 1,200, kaso mai yawa na wannan tsayin kake sauka, da fasinja cike da kaya a but. A cikin giya injin yana riƙe maka kaso mai yawa na nauyin. A firi duk nauyin ya koma kan fad, kuma birki ba abin da yake yi illa mayar da gudu zafi, dannawa kaɗan-kaɗan ɗin nan da ba ka sakewa shi ya fi gasa shi don ba ya samun sararin hucewa. Fad in ya yi zafi ya wuce kima sai ya daina kamu, ka taka da ƙarfinka mota tana tafiya. Sai kuma man birki, wanda yake tsotsar danshi daga iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya haura digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma in sun sha ruwa ma'aunin yana saukowa wajen 140 da 155. In ya tafasa tururi ya shiga layi, ka taka feda ta tafi har ƙasa ba komai. Wannan shi ne abin da ake cewa birki ya tsinke, kuma sau da yawa in motar ta huce aka gwada sai a ga birki yana kamawa, mutane su ce ikon Allah, alhali man ne ya tafasa. Yaushe rabon da ka juye man birkinka gaba ɗaya ka zuba sabo, ba ƙari ba? Yawancin masu ƙera motoci wajen shekara biyu suke cewa. Na taɓa buɗe kofin man birkin wata motar haya na tarar da abin da yake ciki baƙi ƙirin kamar tsohon man juye, kuma da safiyar ranar ta hawo da mutane.

Masu kashe injin kuwa nasu ya fi muni. Abin da yake sa feda ta yi sauƙin takawa injin ne yake ba shi ƙarfi, in ka kashe taku biyu zuwa uku ne ya rage maka, daga nan feda ta zama dutse, sitiyari ma ya yi tauri, in kuma makulli ya koma baya da yawa sitiyarin yana iya kullewa a tsakiyar kwana.

Yadda ake yi shi ne tun kafin ka fara gangarar ka rage gudu ka sauko giya ta uku, inda ya fi tsanani ta biyu, mai otomatik ya ja zuwa 2 ko L ko ya yi amfani da alamar ragewa in motarsa tana da ita. Injin zai yi ƙara, ba komai, aikinsa yake. In gudu ya ƙaru ka taka da ɗan ƙarfi ka rage sosai sannan ka saki gaba ɗaya ya sha iska. In ka ji ƙauri ko feda ta fara laushi ka samu wuri mai faɗi ka tsaya ka jira, kar ka watsa wa diski ruwa yana iya lanƙwashewa. Kuma ka ba tirela da tanka tazara a wurin nan, gaba da baya.

Tambaya: To Malam in lafiyayyen birki ba ya shan mai me ya sa ake cewa mai yawan taka birki ya fi shan mai? Ni ɗalibi ne ina jan motar babanmu wani lokaci, kullum sai ya ce na shanye masa mai.
Daga Unguwar Rogo.

Amsa: Baba yana da hujja ɗana. Ba birkin ne yake zuƙar man ba, man ka riga ka ƙona shi lokacin da ka taka totur ka tara gudu, birki kuma ya zo ya zubar da gudun ya zama zafi, sai ka sake sayen wani gudun da sabon mai. Kuma abin ba daidai wa daida yake hawa ba, in ka ninka gudu sau biyu ƙarfin da ka tara ya ninka sau huɗu, wato tsayawa daga 100 daidai take da tsayawa huɗu daga 50. Mota mai nauyin tan ɗaya da rabi in ka kai ta 100 ka tsayar, ka maimaita haka sau goma sha huɗu zuwa sha biyar, ka zubar da abin da ya kai wajen lita guda. Shi ya sa motoci irin su Toyota Prius, da ta fara fitowa a Japan a 1997, aka yi su da dabarar da in ka taka birki wani kaso na gudun yana komawa batir maimakon ya tashi a zafi, kuma shi ya sa suka fi nuna bambanci a cikin gosulo.

Kai da ba ka da irinta idonka ne zai yi maka aikin. In ka taso ta Bauchi Road ka hango cunkoso ko bam a gaba, ɗaga ƙafa tun daga nesa ka bar ta cikin giya ta rage da kanta, kar ka manne wa na gabanka ta yadda duk ya taɓa birki sai ka taɓa. Amma fa ban ce ka riƙa jin ƙyashin taka birki ba, inda ya kamata ka taka ka taka da gaske.

Tambaya: Wani ya ce min in sa a sassauta min birkin baya ko a toshe layin taya ɗaya da take riƙewa, wai motar za ta fi sakewa ta rage shan mai. In yi?
Daga wani mai Golf a Gangare.

Amsa: A'a Alhaji, kar ka yi. Birkin bayan da aka saita daidai ba ya riƙe komai, in ka sassauta shi feda za ta yi nisa birkin hannu ya daina riƙe mota a gangara, ba ka tsira da ko kofin mai ba. Toshe layi kuwa ya bar ka da birki a taya uku, ranar da ka taka da ƙarfi a jiƙaƙƙen titi motar za ta fizge gefe ɗaya. Tayar da take riƙewa a buɗe ta a gyara, a wanke fil a sa giris ɗin da ya dace, in roba ce a canza roba in tiyo ne a canza tiyo, a duba ta ɗaya gefen ma tunda shekarunsu ɗaya, a fitar da iska, sannan ka gwada ta a hankali a cikin unguwa kafin ka hau babban titi.